Kiɗan su Mantovani: wai me ake ji a cikinsa ne?

Wane irin kiɗa ne wannan?

Kiɗa ne zalla babu murya, yayi tashe a Ingila da Amurka daga ƙarshen shekarun 1940 har cikin na 1960. Za a ɗauko waƙar da kowa ya riga ya haddace, ta fim ko ta wasan dandamali, a cire mawaƙin, sai a baiwa makaɗa mutum talatin ko arba'in su kaɗa ta a natse, yawancinsu masu goge irin na Turawa ne.

To in waƙar ba tasu bace, meye aikinsu kenan?

Ai nan ne maganar take. Aikin na mai tsara kiɗan ne, shine zai zauna da takarda ya rubutawa kowane makaɗi abinda zai yi da lokacin da zai shigo. Ɗauki Mantovani, shugaban makaɗa ne haifaffen Italiya da ya tashi a Landan, sautin nan da aka san shi da shi kamar ruwa na gangarowa daga kan dutse, wani mutum Ronald Binge ne ya tsara mishi. Yadda yayi shine ya raba masu gogen kashi-kashi, kashin farko su ja sauti ɗaya su riƙe, kafin su saki sai na biyu su shigo da sauti na gaba, na uku ma haka, to sai sautukan su dinga hawa kan juna kaji kamar amsa-kuwwa a cikin ƙaton gini, alhali babu wata na'ura da tayi hakan, a rubuce yake a takarda, hannun mutane ne kawai. A 1951 suka yi wa "Charmaine" wannan tsarin a kamfanin Decca, tsohuwar waƙa ce tun ta 1926, faifan ya sayu sama da miliyan ɗaya. Ni dai har yanzu duk sanda farkonsa ya shigo sai tsigar jikina ta tashi wallahi, kuma yana damuna yadda sunan Binge bai kai inda na Mantovani ya kai ba.

Me yasa sai a wancan lokacin yayi kasuwa?

Faifai ne. Tsohon faifan garmaho minti uku zuwa huɗu yake yi sai ka tashi ka juya shi, a 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai yin wajen minti ashirin a fuska ɗaya. Kaga yanzu mutum zai dawo daga aiki ya kunna ya kishingiɗa a falo, ko ayi baƙi ana cin abinci ana hira kiɗan na tashi ƙasa-ƙasa. Ga shi an fito daga yaƙin duniya, mutane na son kwanciyar rai.

Mantovani kaɗai ne?

A'a, akwai Andre Kostelanetz, akwai Percy Faith ɗan Kanada. Shi Faith fiyano yake kaɗawa da farko, yana matashi wuta ta kama kayan ƙanwarsa ya kashe da hannu, hannuwan suka ƙone, daga nan ya koma tsara kiɗa. A 1960 kiɗan fim ɗin "A Summer Place" da ya sake tsarawa yayi sati 9 a lamba ɗaya a Amurka, daidai lokacin da matasa suka rungumi kiɗan jita mai ƙarfi.

Amma ance kiɗan da ake sawa a lif ɗin hawa bene ne da otal?

Gaskiya ne kamfanin Muzak ya cika shaguna da ofisoshi da mai kama da shi har kunne ya gaji. Amma dan Allah ka sa abin kunne ka bi masu goge masu kaurin sauti kawai, ka bar masu siririn sauti, zaka ji wata waƙa daban tana tafiya a ƙarƙashin wadda ka sani.