Wainar Kasko ta Cikin Obin: Tambayoyi da Amsoshi

Wace irin waina ce wannan?

A Amurka ana kiranta Dutch baby. Ta yi suna ne a wani gidan abinci mai suna Manca's a birnin Seattle, a farkon ƙarni na 20, amma tushenta wainar Jamusawa ce. Ƙullunta kusan ɗaya ne da na wata wainar Ingila mai suna Yorkshire pudding. Babba ce guda ɗaya tal, ba a juya ta, a cikin obin take dahuwa. Gefenta ya miƙe ya yi ja, tsakiyarta ta zauna da laushi.

Me ake buƙata?

Ga kasko mai faɗin santimita 25, wanda zai ishi mutum biyu: ƙwai 3, fulawa rabin kofi (giram 65), madara rabin kofi (mililita 120), sukari cokali 1, ɗan gishiri, bota cokali 3. Madarar gari ma tana yi idan an dama ta da ruwa. Mai son ƙamshi ta goga gyaɗar ƙamshi kaɗan.

Babu yis, babu hodar kumburi, to me ke tayar da ita?

Tururi. Nan ne sirrin gaba ɗaya. Ƙullun ruwa-ruwa ne, idan ya faɗa kasko mai tsananin zafi sai ruwan cikinsa ya zama tururi nan take. Ƙwai da fulawa su miƙe kamar balan-balan su riƙe tururin, zafi ya daskarar da su a haka. Shi ya sa ake sa kaskon cikin obin tun lokacin da aka kunna, a bar shi ya kai digiri 220 na Salshiyas. Kasko mai ɗumi-ɗumi ba zai tayar da ita sosai ba.

Yaya ake haɗawa?

Ki fito da ƙwai da madara daga firji rabin awa kafin ki fara, sanyinsu na kashe zafin kasko. Ki zuba komai a blanda ban da bota, ki markaɗa na daƙiƙa 30 har gudaji su ɓace. Ki bar ƙullun ya huta minti 20, fulawar ta sha ruwa.

Ki ciro kaskon da tsumma mai kauri, ki jefa bota. Za ki ji cuuu, ta yi kumfa. Ki jujjuya har ta shafi gefe, ki juye ƙullun gaba ɗaya a tsakiya, ki mayar obin da sauri. Minti 15 zuwa 20 ya isa.

Kaskon baƙin ƙarfe ya fi, domin yana riƙe zafi. Mai hannun roba kada ya shiga obin, zai narke.

Tawa ta ƙi tashi, me ya faru?

Galibi ɗaya daga cikin uku ne: kaskon bai yi zafi ba, fulawa ta yi yawa, ko an buɗe obin. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓata wa mutane aiki. Kada ki buɗe ƙofar kafin minti 15, duk yadda ranki ya so. Ki leƙa ta gilashi. Idan kuma ƙasanta ya ƙone, ki matsar da kaskon zuwa tsakiyar obin.

Da na ciro ta sai ta sace. Ta lalace ke nan?

A'a, haka take. Tururi ne ya fita. Ki tara mutanen gida kafin ki ciro, don a gan ta tana tsaye. Ki matsa lemon tsami, ki barbaɗa sukarin gari ko ki zuba zuma, a yanka a ci da zafinta tare da shayi.