Hatsarin injin ɗaga mota a gareji

Hatsarin injin ɗaga mota shi ne rauni ko mutuwar da ke samun bakanike idan abin da ya riƙe mota a sama ya saki alhali yana ƙarƙashinta.

Tarihi

Da can rami ake haƙawa bakanike ya shiga. Wajen 1925 wani bakanike a Memfis ta Amurka, Peter Lunati, ya ƙera injin da ke ɗaga mota da ƙarfin mai, ana cewa wai a kujerar mai aski ya ga dabarar, yadda take tashi sama in an taka ta, kuma daga nan kamfanin Rotary Lift ya samo asali. A 1945 masu ƙera injinan a Amurka suka kafa ƙungiyar ALI, wadda ƙa'idarta ta ce a duba kowane inji aƙalla sau ɗaya a shekara. Ingila ma ta yi dokar LOLER, wato dokar tsaron kayan ɗaga nauyi, a 1998.

Yadda yake faruwa

Injin ɗaga mota mai ƙafa biyu ya fi son kulawa, don hannaye huɗu kawai ke riƙe da motar. In aka saka su ba a inda kamfani ya nuna ba, ko aka sauke giyabos ko injin motar, nauyi ya koma gefe ɗaya, sai motar ta sulluɓe. Akwai makullin tsaro da ya kamata a sauke motar ta zauna a kai, amma wasu saboda gaggawa sai su bar ta a kan mai kawai, sil (robar da ke hana mai zuba) ya yi yoyo ko tiyo ya fashe shi ke nan. Sai notinan da suka kafe injin a ƙasa, da ke kwancewa in simintin ƙasan bai yi kauri ba.

Raunuka

Karaya, murƙushewar ƙirji da kai, rauni a laka.

A Zariya

Yawancin garejin Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila jak da rami suke amfani da su, a tokare motar da bulo ko gungumen itace ko tsohon rim, kuma sau da yawa yaran gareji ake turawa ƙasa. Bulo kam ba abin yarda ba ne, yana farfashewa ba sanarwa. Mai rauni sosai ana kai shi asibitin koyarwa na Shika, wasu kuma wurin masu ɗori.

Diyya

Dokar diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta ɗora biyan a kan NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata. Dokar ta ƙidaya wanda aka ɗauka koyon sana'a cikin ma'aikata.