Kula da ma'aikata: daga ɗaukar aiki zuwa horaswa

Kula da ma'aikata shi ne fannin da ke riƙe da duk wata hulɗa tsakanin wurin aiki da mutanen da ke masa aiki, tun daga ranar da aka ce ana neman mutum har ranar da ya ajiye, ko aka sallame shi, ko shekaru suka kai shi ritaya. A ofisoshin Akra da Kumasi a Gana ba mai tsayawa faɗin dogon sunansa na Turanci, wato Human Resources, HR kawai ake cewa, tsofaffin ma'aikata kuma har yau fasonel suke ce wa ofis ɗin. Abin da ke ƙarƙashinsa ya haɗa da neman ma'aikaci da tantance shi, kwantiragi, albashi da alawus, hutu, horo, ƙarin girma, ladabtarwa da zama da yuniyan. A shago ko gareji duk wannan mutum ɗaya ne ke yinsa, wato mai gida ko masta, ko da bai taɓa jin sunan ba.

Tarihi

Fannin dai ɗan masana'anta ne, a Birtaniya da Amurka aka haife shi. Tun farkon ƙarni na 19 Robert Owen, mai masaƙar auduga a New Lanark ta ƙasar Sikotland, ya rage wa leburorinsa awannin aiki ya gina wa 'ya'yansu makaranta, abokan kasuwancinsa na ganin ɓarnar kuɗi yake yi. Zuwa ƙarshen ƙarnin wasu kamfanonin cakulan da sabulu sun fara ɗaukar mata musamman don duba lafiyar 'yan matan da ke aiki a wurinsu, waɗannan jami'an walwala su ne suka kafa ƙungiya a birnin York a 1913, ita ce ta rikiɗe ta zama CIPD ta yau, ƙungiyar ƙwararrun HR ta Birtaniya. Hukumar ƙwadago ta duniya ILO kuma an kafa ta a 1919.

A Amurka abin ta wata ƙofa ya shigo. Frederick Taylor injiniya ne, da agogo a hannu yake tsayawa kan lebura yana auna daƙiƙa nawa yake ɗauka ya ɗaga shebur ya zubar, a 1911 ya fitar da littafin da ya ce kowane aiki akwai hanya ɗaya da ta fi, manaja ya nemo ta ya koya wa lebura ya biya shi gwargwadon abin da ya yi. Henry Ford ya bi irin wannan tunani ya kafa layin haɗa mota, sai dai aikin ya zama na gajiya da gundura har mutane suka dinga gudu, ana cewa a 1913 sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 don ya riƙe kujeru kusan 14,000 kacal. A Janairun 1914 ya mai da ladan yini dala 5, kusan ninki biyu, ya rage awa daga 9 zuwa 8, nan take gudun ya tsaya. Amma fa da sharaɗi, ya kafa sashen da ke bin gidajen ma'aikata yana duba ko mutum na shan giya, ko yana ajiye kuɗi, ko gidansa da tsabta, wato shisshigin da ko surukin mutum ba zai masa ba.

Daga 1924 zuwa wajajen 1932 aka yi gwajin da ake kira na Hawthorne a wata masana'antar Western Electric kusa da Chicago. Da farko hasken wuta ake gwadawa, a ƙara haske aiki ya ƙaru, a rage ma aiki bai faɗi ba. Wani masani Elton Mayo da abokansa suka fassara shi da cewa kulawar da aka ba ma'aikatan da zumuncin da ke tsakaninsu shi ya motsa su. Masana na baya sun soki yadda aka yi gwajin. Duk da haka daga nan aka fara ɗaukar ma'aikaci a matsayin mutum mai zuciya, aka samu masana irin su Maslow a 1943 da ya jera buƙatun ɗan Adam mataki-mataki, da McGregor a 1960 da ya raba manajoji gida biyu, masu ganin ma'aikaci malalaci ne sai an tsaya a kansa da masu ganin in an ba shi dama zai yi. Sunan HR kansa sai wajajen shekarun 1980 ya ture fasonel.

Kafin ofis: madugu da mai gida

Littattafan makaranta daga Turai suke farawa, amma fataken da ke zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sayen goro suna da nasu tsarin tun kafin a san Taylor. Ayari na tasowa daga Kano ko Sakkwato ya yi watanni a hanya kafin ya iso Salaga, babbar kasuwar Gwanja, madugu ne shugaba, shi ke yanke hukunci da sasanta rigima da yin ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki na taimaka wa madugu wajen tarawa da biyan kuɗi, ga malamin ayari mai rubutu da addu'a. Kowa ya san aikinsa ya san wanda ke samansa, abin da yau ake zanawa a takarda a liƙa a bangon ofis.

Bayan Salaga ta faɗi a ƙarshen ƙarni na 19 ciniki ya gangaro Kumasi da bakin teku, zango ya cika, tsarin mai gida da yaransa ya kafu a harkar goro da shanu. Yaro na zuwa ta hannun wanda ya san iyayensa, a fara aikensa, a ba shi ɗan kuɗi kaɗan a ga ko zai dawo da canji daidai, in ya riƙe amana a ƙara masa har ya kai ana tura shi da kaya wani gari. Ci da sha da wurin kwana na mai gida ne, sau da yawa shi ke masa aure, ƙarshe ya ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. In aka duba akwai tantancewa a ciki, akwai gwaji, akwai horo da ƙarin girma da sallama, takarda ce kawai babu, kuma rashin takardar nan shi ne raunin tsarin, don in mai gida ya mutu ko ya saɓa alkawari yaron da ya yi shekara goma ba shi da abin nunawa sai dai a kai maganar gaban liman ko sarkin zango.

Aikin albashi kuma Turawan mulki ne suka yaɗa shi a Gold Coast, wato Gana ta yau, a ma'adinan zinariya na Obuasi da Tarkwa, da layin dogo da ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, da tashar jirgin ruwan Takoradi da aka buɗe a 1928. Leburori da yawa daga arewa ake kawo su ta hannun sarakuna da hedman, shi hedman ɗin shi ne HR na lokacin, shi ke ɗauka shi ke kora. A 1938 aka kafa sashen ƙwadago na gwamnati, dokar 1941 ta halatta yuniyan, a 1945 aka kafa TUC, uwar ƙungiyar yuniyan ta ƙasa, ma'aikatan jirgin ƙasa na Sekondi ne ƙashin bayanta. Dokokin da suka biyo baya an tattara su wuri ɗaya a dokar ƙwadago ta 2003, wadda aka fi sani da lambarta 651.

Ɗaukar aiki

A ƙa'ida kafin a nemi mutum sai an fara zama an rubuta me kujerar ke buƙata, wane aiki za a yi, wa za a ba rahoto, wane satifiket da gogewa ake so. Wurare da yawa suna tsallake wannan sai an ɗauki mutum sannan a fara tunanin me zai yi. Daga nan sai talla, da a Daily Graphic ake gani, yanzu har a WhatsApp da LinkedIn, wani lokaci kuma cikin gida ake fara dubawa ko akwai wanda ya isa a ɗaga. Masu nema su kawo sibi, wato takardar tarihin karatu da aikinsu, a tace, bankuna da manyan kamfanoni kan ƙara da jarrabawar lissafi da Turanci, sannan intabiyu.

Bincike ya daɗe da nuna cewa intabiyun da aka tsara tambayoyinsa tun farko, a yi wa kowa iri ɗaya a ba da maki, ya fi hirar kara-zube gano wanda zai iya aiki, haka ma a ba mutum aikin ya yi a gani, direba ya tuƙa, tela ya ɗinka. Hirar kara-zube mai baki take ɗauka. Aikin da ya shafi kuɗi ko kaya yawanci sai an kawo garanto, wannan kam zango ta riga ofis.

Dokar 2003 ta ce aikin da zai kai wata 6 ko fiye dole a rubuta kwantiraginsa, kuma cikin wata 2 da fara aiki a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗa. Lokacin gwaji bisa al'ada wata 3 zuwa 6 ne. Ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 a jere wurin mutum ɗaya doka na kallonsa a matsayin na dindindin, shi ya sa za ka ga wasu wurare na sallamar mutum ana saura 'yan kwanaki su sake ɗaukarsa sabo. Tsarin mulkin 1992 da dokar ƙwadago duk sun hana nuna bambanci saboda jinsi, ƙabila ko addini. Ana yawan ƙorafin furotokol, wato ɗauka ta hannun manya, an kuma sha taƙaddama kan hijabi a wasu wuraren aiki.

Albashi, hutu da fansho

Mafi ƙarancin ladan yini kwamitin ɓangare uku ne ke yanke shi, gwamnati da masu ɗaukar aiki da yuniyan. Ma'aikatan gwamnati tun 2010 suna kan tsarin albashi na bai ɗaya da ake kira Single Spine. Awannin aiki 8 ne a yini ko 40 a mako, abin da ya haura obataim ne. Hutun shekara bai gaza kwanakin aiki 15 ba da cikakken albashi, kuma doka ba ta yarda mutum ya sayar da hutunsa ba. Mai jego na da aƙalla mako 12, a ƙara mata 2 in tagwaye ta haifa ko haihuwar ta zo da matsala, in ta dawo tana da awa ɗaya kullum ta shayarwa.

Fansho na ƙarƙashin dokar 2008 mai hawa uku. Duk wata ana cire kashi 5.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai aiki ya ɗora kashi 13, jimla 18.5, a kai 13.5 hawa na farko wurin hukumar fansho ta SSNIT da mutane ke cewa Sinit, sauran 5 su tafi hawa na biyu wurin kamfanonin da aka ba lasisi, hawa na uku na ganin dama ne. Shekarun ritaya 60, kuma sai an yi zubin wata 180 kafin a cancanci fanshon wata-wata. Mafi yawan masu aiki a Gana ba sa cikin wannan lissafi sam, mai sayar da waakye a Nima da ɗan kayaye a Kejetia da yaron tirotiro adashi ne fanshonsu, ko da yake ƙofa a buɗe take mai sana'ar kansa ya yi rajista.

Auna ƙwazo

Sau ɗaya ko biyu a shekara shugaba na zama da na ƙasa da shi su duba abin da aka sa a gaba da abin da aka cimma. A wurare da yawa cike fom ne kawai.

Horo da ciyar da ma'aikaci gaba

Masana na raba horo, wato koyar da abin da aikin yau ke buƙata, da ciyarwa gaba, wato shirya mutum don kujerar gobe. Na farko yana farawa ne da makon shiga, a nuna wa sabo wurin da dokokinsa, sai koyo a bakin aiki, da wokshop, da juya mutum daga sashe zuwa sashe. Na biyu ya haɗa da jingina ƙarami da babba ya dinga nuna masa hanya, da hutun karatu wanda yawanci ke zuwa da sharaɗin in ka gama za ka dawo ka yi wasu shekaru, da tanadin magaji tun kafin mai kujera ya tashi. Makarantar GIMPA da ke Akra, wadda aka kafa a 1961, don horar da manyan ma'aikatan gwamnati aka yi ta. Masu sana'ar HR kansu suna da cibiyarsu da doka ta tabbatar a 2020. Ga wanda ya gama jami'a kuma, bautar ƙasa ta shekara ɗaya da aka fara a 1973 ita ce ɗanɗanon ofis na farko, da yawa daga nan ake riƙe su.

Sai dai makarantar horo mafi girma a Kumasi ba ta da allo, ita ce Suame Magazine, dubban gareji da maƙera a jere. Uba ko kawu ya kai yaro wurin masta da kuɗin shiga da abin da aka saba kaiwa, shekarar farko shara da wanke sifana da aike, a hankali babban yaron gareji ya fara barinsa ya taɓa inji, bayan kamar shekara 3 ko fiye a yaye shi da walima. Haka abin yake wurin teloli da masu gyaran gashi a Aboabo da Maamobi. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 15 ko gama karatun matakin farko a matsayin lokacin fara koyon sana'a, ta ɗora wa masta koyarwa da ciyarwa sai in an yi wata yarjejeniya daban, da alhakin duk raunin da yaro ya ji a bakin aiki, har da tarbiyyarsa.

Ladabtarwa da rabuwa

Yawanci ana farawa da gargaɗin baki, sai kwiri a rubuce, wato takardar tuhuma, sai dakatarwa, kuma ana ba mutum dama ya kare kansa kafin a yanke. Notis na barin aiki wata 1 ne in kwantiragin ya kai shekara 3, mako 2 in bai kai ba, kwana 7 ga aikin mako-mako, ko a biya kuɗin kwanakin. Korar mace don ta yi ciki ko korar mutum don ya shiga yuniyan doka ta kira shi sallamar zalunci. In kamfani zai rage ma'aikata dole ya sanar da babban jami'in ƙwadago da yuniyan wata 3 kafin lokacin, a zauna a yi cinikin kuɗin sallama. Wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙara hukumar ƙwadago ta ƙasa, NLC, wadda dokar 2003 ta kafa, ita kan fara da sulhu, in ya ƙi a je ga masu yanke hukunci, kuma tana iya umartar a mayar da mutum aikinsa ko a biya shi diyya.