Fitsarin jini a yarinta, dajin mafitsara a girma: abin da likitocin jami'a suka gano a Sakkwato

A garuruwan da ke bakin gulbin Rima, daga Goronyo da Wurno zuwa Kware da Wamakko, ba baƙon abu ba ne yaro ya yi fitsari a ga ɗigon jini a ƙarshensa. Wasu iyaye kan ce zafin rana ne, wasu su ce alamar balaga ce, idan kuma jinin ya ɗauke bayan 'yan shekaru sai kowa ya ɗauka an rabu da bukar. Wannan ciwo shi ne tsargiya, kuma ɗaukewar jinin ba ta nufin an warke.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun taɓa bin diddigin masu ciwon daji da aka tabbatar da cutarsu a asibitin tsakanin 1999 da 2004. A wajen mata, dajin mama da na bakin mahaifa ne suka yi gaba, kamar yadda yake a sauran sassan Najeriya. A wajen maza kuwa sai aka ga abin da ya sha bamban da wurare da yawa: dajin mafitsara, wato jakar da fitsari ke taruwa a ciki, shi ne kan gaba, ya ma ɗara na furostat, wato ɗan ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Da aka duba tsokar da aka ciro daga marasa lafiya a ƙarƙashin na'urar ganin ƙwayoyin cuta, an tarar da irin dajin da aka san yana biyo bayan tsohuwar tsargiya, a wasu ma an ga ƙwayayen tsutsar a maƙale cikin tsokar. Wannan ya dace da abin da aka sani a duniya, domin tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya tsutsar tsargiyar mafitsara cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji ga ɗan Adam.

Yana da kyau mu fahimci yadda abin ke tafiya, saboda a nan ne rigakafin yake. Mai tsargiya idan ya yi fitsari a gulbi ko tafki ko magudanar ban-ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga jikin wasu ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan makonni sai su fito da yawa suna yawo a ruwan, su huda fatar duk wanda ya shiga, ko da babu rauni a jikinsa. Yaron da ke ninƙaya da tsakar rana, da manomin shinkafa da ke wuni a fadama ruwa har gwiwa, da masunci, da matar da ke wanki a bakin gulbi, duk hanyarsu ɗaya. Tsutsar idan ta girma takan koma ta zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai kullum. Wasu su fita da fitsari tare da jini, wasu su maƙale a bangon mafitsarar. Waɗanda suka maƙale su ne masifar, domin suna haddasa kumburi da tabo shekara da shekaru, har wata rana naman wurin ya rikiɗe ya zama daji, galibi a lokacin da mutum yake tsakiyar ƙarfinsa yana ciyar da iyali. Ba kowane mai tsargiya ne ke kaiwa ga haka ba, amma shan taba yana ƙara haɗarin ƙwarai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, a matsayina na ma'aikacin lafiya, shi ne maganin tsargiya yana nan kuma ba shi da wuyar sha. Sunansa praziquantel, ana raba shi kyauta ga yara 'yan makaranta, a tsayar da yaro jikin sandar awo a ba shi adadin ƙwayoyin da suka dace da tsawonsa. Sau da yawa ranar rabon sai a ga an hana yara zuwa saboda jita-jita, almajirai da yaran da ke kiwo kuma ba a cika samunsu ba, alhali su ne suka fi kowa shiga ruwa. Maganin yakan sa jiri ko tashin zuciya na ɗan lokaci, musamman ga wanda bai ci komai ba, don haka a ba yaro koko ko fura kafin ya sha. Tunda kuma ana iya sake kamuwa, shan sau ɗaya bai wadatar ba. A Masar, inda aka daɗe ana fama da wannan cuta, yawan irin wannan dajin ya ragu bayan an shawo kan tsargiya.

Ga manya kuwa, jini a fitsari ba abin jira ba ne, ko da babu zafi, ko da sau ɗaya ya fito ya ɗauke. Haka ma yawan fitsari da raɗaɗi wanda ya ƙi jin magani, ko fitar wani abu kamar tsoka-tsoka a cikin fitsarin. A asibiti za a gwada fitsari, a yi hoton ciki, idan akwai bukata a leƙa cikin mafitsara da siririyar na'ura mai haske a ɗebo ɗan nama don gwaji. Na san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta cuci mutane da yawa. Abin da ke faruwa shi ne ana kawo majiyyaci bayan an kwashe watanni ana jiƙe-jiƙe, ciwon ya riga ya toshe hanyar ƙoda, idan rai ya yi halinsa sai a ɗora laifin a kan aikin likita. Dajin da aka kama yana saman bangon mafitsara ana iya kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba.

Binciken jami'a ba zai amfane mu ba idan ya tsaya a cikin mujallun likitoci da Turanci. Ina kira ga malaman jami'a da ɗalibansu su riƙa komawa garuruwan da suka ɗebi fitsarin yara don gwaji, su faɗa wa mutane sakamakon da Hausa, su tabbatar an ba waɗanda suka kamu magani. Su kuma jama'a, idan masu bincike suka zo ta hannun hakimi ko mai gari, haƙƙinku ne ku tambayi abin da za a yi da samfurin, kuma ba a tilasta wa kowa. Amma ba da haɗin kai shi ne ke nuna wa hukuma garin da ya fi bukatar magani da rijiyar burtsatse. Limamai da malaman allo su taimaka wajen hana fitsari a cikin ruwa, wanda addini ma ya hana a ruwan da ba ya gudana, su kuma tara almajiransu a duk ranar da masu rabon magani suka shigo unguwa.