Waiwaye: Yadda Aka Yi Wa Khumaini Magaji A Iran

Duk lokacin da maganar wanda zai gaji Jagoran Addini ta taso a Iran, sai kaji ana cewa ai Majalisar Ƙwararru ce ke zaɓe. Haka ne a takarda kam. Malamai 88 ne a cikinta, jama'a ke zaɓensu duk bayan shekara 8, amma fa kafin mutum ya tsaya takara sai Majalisar Kare Tsarin Mulki ta tantance shi, ita kuma wannan majalisar mutum 12 ne, 6 daga ciki Jagoran ne da kanshi yake naɗa su. Kaga kenan abun zagaye yake yi.

To ku koma 1989 ku gani. Tun 1985 aka ayyana Ayatullah Muntazari a matsayin magajin Khumaini, Jagora na farko, ɗalibinshi ne kuma babban malami a birnin Kum, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga batun fursunonin siyasan da aka kashe a 1988, bawan Allah ya kasa haɗiyewa, ya rubuta wa Khumaini yana suka, cikin watan Maris 1989 aka sauke shi. Wata uku ba su cika ba Khumaini ya rasu, ranar 3 ga Yuni, ba magaji a ƙasa.

Washegari Majalisar Ƙwararru ta zauna. Da farko har an kawo shawarar a kafa kwamitin malamai su riƙe jagorancin tare, ba ta samu karɓuwa ba. Nan ne Rafsanjani, shugaban majalisar dokoki a lokacin, ya ce shi ya ji Khumaini da bakinshi yana cewa Ali Khamenei ya cancanta, kuma maganar nan tayi tasiri ba kaɗan ba. Khamenei lokacin shugaban ƙasa ne, amma ba marja'i bane, alhali tsarin mulki ya ce dole Jagora ya zama marja'i, wato malamin da jama'a ke yi wa taƙlidi. Shi kanshi a zauren ya nuna bai kai ba. Duk da haka ya samu ƙuri'a 60 cikin mutum 74 da suka halarta.

Sai a ƙarshen Yuli aka yi ƙuri'ar raba gardama aka cire sharaɗin marja'in nan gaba ɗaya, gyaran da Khumaini ya bada umarnin farawa kafin ya rasu. Ni dai a ganina rigar aka rage ta yi daidai da mai sawa.

Shi kuma Muntazari ya koma karantarwa a Kum, daga 1997 zuwa 2003 yana ɗaurin talala a gidanshi, ya rasu a 2009.