Makaɗan Punk da Waƙoƙin Aro: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin kiɗa ne punk?

Kiɗa ne da ya ɓullo a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970. Jita mai tsawa, ganga mai gudu, waƙa gajeriya da sau da yawa ba ta kaiwa minti 3. Matasan da suka kafa shi sun ƙosa da manyan makaɗan rock masu jan kiɗa ɗaya tsawon lokaci suna nuna gwaninta.

To, 'yan tawaye me ya haɗa su da waƙoƙin da?

A kansu suka taso, shi ya sa suke aro su, wato su sake rera waƙar wani da salonsu. Ƙungiyar Ramones, wadda aka kafa a unguwar Queens a 1974, ta sa "Let's Dance" ta Chris Montez, waƙar 1962, a faifanta na farko na 1976. Abin da suke kewa ke nan: waƙa mai sauƙin kari da yaro zai ji sau ɗaya ya haddace. Sai su bar karin yadda yake, su cire kwalliyar, su ƙara mata gudu. Akwai kuma dalili na sana'a: sabuwar ƙungiya ba ta da waƙoƙin da za su cika dare, kuma 'yan kallo sun fi saurin tashi in suka ji abin da suka sani.

Ba izgili ba ne kuwa?

Wani lokaci izgili ne. A 1978 Sid Vicious na ƙungiyar punk ta Sex Pistols ya ɗauki "My Way", wadda Frank Sinatra ya shahara da ita tun 1969, ya fara ta da kwaikwayon muryar dattijai, sannan ya ɓarke da gudu da ashar. Amma a ganina waɗanda suka ɗauki waƙa don suna ƙaunarta sun fi yin aiki mai ɗorewa. Saurari yadda Joey Ramone, mawaƙin Ramones, ya rera "What a Wonderful World" ta Louis Armstrong, a faifan da ya fito a 2002 bayan rasuwar Joey. Babu ɗigon raini a ciki.

Wace ce ta fi nauyi a tarihi?

Ni dai zan ce "Police and Thieves". Junior Murvin ɗan Jamaika ne ya rera ta a 1976 da siririyar murya, Lee Perry ya haɗa kiɗan. A bazarar shekarar ta karaɗe Landan, daidai lokacin da matasa baƙaƙen fata suka gwabza da 'yan sanda a bikin unguwar Notting Hill. Joe Strummer da Paul Simonon na ƙungiyar punk ta The Clash suna wurin, sun gani da idonsu. A 1977 ƙungiyar ta sa waƙar a faifanta na farko, ta kai ta minti 6, abin da ba a saba ba a punk. Matasan Turawa ne suka ce kukan maƙwabtansu baƙaƙen fata nasu ne. Kafin shekarar ta ƙare Perry ya yi aiki da su, Bob Marley kuma ya fitar da "Punky Reggae Party".

Sai an nemi izinin mai waƙar?

A Amurka, in an riga an fitar da waƙa kasuwa, doka ta ba kowa damar sake naɗarta muddin zai biya marubucin kuɗin da aka ƙayyade. Sharaɗin shi ne kada a sauya ainihin karin. Mai son taɓa baitoci kuwa sai ya nemi yarda.

Har yanzu ana yi?

Ana yi, har ya zama kasuwa. Me First and the Gimme Gimmes, da aka kafa a San Francisco a 1995, aro ne kaɗai sana'arsu. Kamfanin Fearless Records ya fara jerin faifan "Punk Goes Pop" a 2002. Wasu daga ciki suna da daɗi, amma da yawa gudu kawai aka ƙara wa waƙar, ba ka jin dalilin da ya sa aka zaɓe ta.