Sonatocin Beethoven na celo da fiyano: da faifan wa za a fara?

Duk wanda ya buga sunan Beethoven, shahararren marubucin kiɗa ɗan Jamus, da kalmar celo a YouTube ko Spotify, zai ga fayafayai sun tarar masa fiye da yadda zai iya saurara a wata guda, kuma dukkansu kiɗa ɗaya ne, makaɗan ne kawai suka bambanta. Ga tambayoyin da mai sabon shiga kan yi, da amsoshinsu.

Da farko, mene ne celo, kuma mece ce sonata?

Celo abin kiɗa ne mai tsarkiya huɗu, babba, wanda makaɗi kan zauna ya kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Ɗan uwan gogenmu ne ta wajen aiki, domin shi ma da gashin wutsiyar doki ake goga shi, sai dai muryarsa ƙasa take, kusa da ta namiji mai kaurin murya. Sonata kuwa kiɗa ne zalla ba waƙa, rubutacce tun daga farko har ƙarshe, ana raba shi kashi biyu zuwa huɗu, wani da sauri wani a hankali. A nan mutum biyu ne kacal ke yin sa: mai celo da mai fiyano.

Guda nawa Beethoven ya rubuta?

Biyar, kuma sun ratsa rayuwarsa ta aiki. Biyun farko, masu lamba Op. 5, ya yi su a 1796 lokacin da ya ziyarci Berlin, yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya sadaukar da su ga Sarkin Prussia, Friedrich Wilhelm na Biyu, wanda shi kansa yana kaɗa celo. Ta uku, Op. 69, ya kammala ta a 1808. Biyun ƙarshe, Op. 102, na 1815 ne, lokacin da kurumta ta riga ta ci ƙarfinsa. Ya rubuta su da makaɗin celo Joseph Linke a ransa. Idan aka jera su duka, wajen awa biyu ne, shi ya sa yawanci suke zuwa a faifan CD biyu, a cike gurbin da wasu ƙananan ayyuka uku da ya gina a kan karin marubutan kiɗa Handel da Mozart.

Waccan "Op." lambar aiki ce kawai. Riƙe ta, domin da ita za ka gane wace sonata ce kake ji.

Tunda rubutaccen kiɗa ne, me zai sa wani faifai ya fi wani?

Takarda ba ta faɗin komai da komai. Za ta ce "da sauri", amma ba ta ce saurin wane ba. Za ta ce "a hankali", sai wannan ya ja numfashi, wancan ya wuce. Akwai wuraren da Beethoven ya sa alamar a maimaita, wasu su bi, wasu su tsallake, don haka kada ka yi mamaki in ka ga sonata ɗaya ta fi tsawo da mintuna a wani faifan.

Amma babban abin da ke raba fayafayan nan shi ne zaman da ke tsakanin mutum biyun. Fiyanon zamani yana da ƙarfi ƙwarai, kuma sautin hannun hagu na mai fiyano yana faɗawa daidai inda muryar celo take. In ba a yi hattara ba, sai ya binne shi. Wasu kamfanonin kuma, don gudun haka, sai su manna makirfo a jikin celo, fiyano ya koma kamar daga wani ɗaki ake kaɗa shi. Wannan ma ɓarna ce, wataƙila ma ta fi ta farko. A bugun farko na Op. 5, fiyano aka fara ambata a bangon, celo ya biyo baya, kuma Beethoven da kansa ya kaɗa fiyanon a Berlin, don haka bai rage wa kansa aiki ba. Sai a Op. 69 ne ya raba rabon daidai wa daida. Rubutun hannunsa na kashin farko yana nan har yau, ana ganin inda ya yi ta soke layi yana mayar wa wancan abin da ya ba wannan. Saboda haka idan ka ɗauki faifai, duba sunan mai fiyano da irin idon da ka duba na mai celo. Faifan da aka rubuta sunan mai celo ɓaro-ɓaro, na abokinsa kuwa sai ka ƙura ido, ni dai ina ɗari-ɗari da shi.

To, faɗa min guda ɗaya kawai.

Pierre Fournier da Friedrich Gulda, na kamfanin Deutsche Grammophon, 1959. Fournier Bafaranshe ne, kiɗansa ba hayaniya, ba ya matsa tsarkiya don burge kowa. Gulda mutumin Biyana ne, babban birnin Ostiriya, lokacin bai kai talatin ba, hannunsa tsaf kuma ba ya jan ƙafa. Kana jin kowane ɗayansu sarai, kuma ba wanda ya cusa kansa tsakaninka da Beethoven. Don koyon yadda sonatocin suke, wannan ya isa.

Wanda yake son sauti na zamani fes, ya nemi Miklós Perényi da András Schiff, 'yan ƙasar Hangari, wanda kamfanin ECM ya fitar a 2004. Halinsu kusan ɗaya ne da na farkon: natsuwa da sauraron juna.

Ina Rostropovich da Richter? Su aka fi ambata.

Da dalili. Mstislav Rostropovich da Sviatoslav Richter, manyan makaɗan Tarayyar Sobiyat, sun ɗauki duka biyar wa kamfanin Philips a farkon shekarun 1960, kuma har yau mutane da yawa nan suke tsayawa. Kiɗa ne mai girma da nauyi. Celon Rostropovich ba ya tsoron kowane fiyano, Richter kuma ba mai rakiyar kowa ba ne. A sonata ta biyu, wadda ta buɗe da doguwar gabatarwa mai duhu, ban san wanda ya kai su ba. Inda nake ja da baya shi ne wuraren raha. Beethoven na 1796 saurayi ne mai son ba da mamaki da tsokana, su kuwa wani lokaci sukan ɗauki wasan da muhimmancin da ya wuce kima. Akwai bidiyonsu na bikin kiɗa na birnin Edinburgh na 1964, baƙi da fari, ya cancanci kallo ko don ka ga yadda ake yi.

Na ji ana yabon Jacqueline du Pré. Nata fa?

Nata da mijinta Daniel Barenboim, a gaban jama'a aka ɗauka, a bikin Edinburgh na 1970. Za ka ji tari, za ka ji wuraren da zumuɗi ya ɗebe su. Bayan shekara uku cuta ta raba ta da celo, ta rasu a 1987 tana da shekara 42, kuma wannan labarin yana sa mutane su saurara da tausayi. Kiɗan yana da wuta, babu musu. Amma faifai na biyu ne ko na uku, bayan ka san hanyar, sannan ka ji daɗin inda suka ratse.

Tsofaffin fayafayai masu ƙara suna da amfani?

Suna da shi ga mai haƙuri. Pablo Casals, wanda ya ɗaga darajar celo a ƙarni na ashirin, ya ɗauki sonatocin a shekarun 1930, sannan ya sake da Rudolf Serkin a farkon shekarun 1950, lokacin yana zaune a Prades ta kudancin Faransa bayan ya bar Sifen saboda mulkin Janar Franco. A na biyun ya haura saba'in, ana jin gurnaninsa yana kiɗa, ana jin kartar tsarkiya. Wasu wannan ne ke kore su, wasu kuma shi suke nema. Kada dai ya zama na farkonka.

Mene ne zancen "kayan kiɗa na asali"?

Wannan tambaya ce mai kyau, domin ta koma kan matsalar da muka fara da ita. Fiyanon da Beethoven ya sani a 1796 ƙarami ne, jikinsa katako, maɓallansa wajen 61. Na yau yana da 88 da ƙashin ƙarfe a ciki. Shi tsohon, sautinsa siriri ne, kuma yana mutuwa da wuri. Celon lokacin kuma da tsarkiyar hanjin dabba ake ɗaure shi. Ma'ana, a zamanin Beethoven celo ne ke iya danne fiyano a doguwar murya, akasin yau. Idan aka koma wa waɗancan kayan, wurare da yawa da makaɗan zamani ke fama da su sai su warware da kansu: mai fiyano zai iya dukan maɓallai da iyakar ƙarfinsa, kamar yadda aka rubuta, ba tare da ya haɗiye abokinsa ba.

Steven Isserlis da Robert Levin sun yi haka a faifan kamfanin Hyperion na 2014, kuma shi ne zan ba wanda ya riga ya mallaki ɗaya daga cikin na sama. Anner Bylsma ɗan Holan ya riga su bin wannan hanya. Gargaɗi ɗaya: kunnen da ya saba da fiyanon zamani zai ji tsohon kamar ya bushe a mintunan farko. Ba shi lokaci. Raha da tsokanar da na ce sukan ɓace a hannun manya, a nan suke fitowa fili.

Yaya zan gwada da kaina ba tare da na ƙarar da data ba?

Wurare biyu sun ishe ka. Na farko, minti biyun farko na Op. 69. Celo ne ke buɗewa shi kaɗai, ya sauka ya tsaya a kan murya ɗaya ta ƙasa, fiyano ya karɓa a samansa. Saurara ko kana ci gaba da jin waccan muryar ta ƙasa bayan fiyano ya shigo, kuma ko karɓar ta yi kama da amsa. Na biyu, kashin ƙarshe na Op. 102 mai lamba 2, inda kari ɗaya ke shigowa bi da bi, muryoyi suna bin juna suna sarƙewa. A hannun da bai dace ba, hargitsi ne kawai. In ka iya bin kowace murya da kunnenka, to faifan ya ci jarrabawa. Kashin da ke gabansa, mai tafiya a hankali, shi ne kaɗai cikakken kashi mai sanyi a duk biyar ɗin, kada ka tsallake shi.

Sa abin sauraro a kunne. Lasifikar waya ba ta iya fitar da muryar celo ta can ƙasa, sai ka zargi makaɗi da laifin da ba nasa ba. Kuma kashe maɓallin da ke cakuɗa jerin kiɗa, in ba haka ba manhajar za ta haɗa maka ƙarshen wannan sonata da farkon waccan.

Makaɗi ɗaya yakan ɗauka fiye da sau ɗaya?

Sosai, kuma nan ne ake yawan ruɗewa. Fournier ya yi wasu da Artur Schnabel a ƙarshen shekarun 1940, ya yi duka da Gulda, ya sake da Wilhelm Kempff a gaban jama'a a Faris a 1965. Yo-Yo Ma da Emanuel Ax sun yi a shekarun 1980, suka sake fitar da sabo a 2021, sun manyanta, tafiyar ta ƙara natsuwa. Don haka sunan mai celo kaɗai bai isa ba wajen nema. Haɗa da sunan mai fiyano da shekarar ɗauka, kuma ka lura shekarar da manhaja ke nunawa sau da yawa ta sake fitarwa ce, ba ta ainihin ɗaukar ba.